DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: NAZARI A KAN ƘAGAGGEN TSIRO ATHELAS A CIKIN LABARIN TOLKIEN

1.0 Gabatarwa

Idan manazarci ya ɗauki ƙagaggen labari zai feɗe shi, abin da aka saba shi ne ya fara da jigo, ya bi ta kan zubi da tsari, ya tsaya a kan salo, sa'an nan ya rufe da taurari. Itatuwa da ciyayin da ke cikin labarin ba safai akan waiwaye su ba, domin an ɗauke su tamkar labulen da ake ratayawa a bayan 'yan wasan kwaikwayo. Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa akwai labaran da wannan ɗauka ba ta dace da su ba, watau labaran da ganye guda yakan ɗauki nauyin jigo fiye da yadda takobi ko kambi zai ɗauka.

Misalin da na zaɓa shi ne wani tsiro mai suna athelas, wanda babu shi a kowane daji na duniyar nan, sai a cikin littafin The Lord of the Rings, watau Ubangidan Zobba, na J. R. R. Tolkien. Abin da nake so in tabbatar shi ne: darajar wannan tsiro a matsayin aikin adabi ta fito ne daga iyakar da mawallafi ya yi wa ƙarfinsa, da kuma yadda ya rarraba saninsa a hannun mutane dabam-dabam, har ganyen ya zama ma'aunin da ake auna malami da tsohuwa da sarki. A ƙarshe zan nuna inda nake ganin ma'aunin ya karkace.

2.0 Mawallafi da Ƙagaggiyar Duniyarsa

An haifi Tolkien a garin Bloemfontein na Afirka ta Kudu a shekarar 1892, ya tashi a Ingila, ya rasu a 1973. Sana'arsa ita ce nazarin tsohon Ingilishi da tarihin kalmomi, kuma ya riƙe kujerar farfesa a Jami'ar Oxford daga 1925 zuwa 1959. Littafin da muke magana a kansa ya fito ne a Landan cikin juzu'i uku tsakanin 1954 da 1955.

Labarin a taƙaice shi ne: wani azzalumin mai mulki, Sauron, ya ƙera zoben da zai mallaki duniya da shi, zoben ya ɓace masa, ya faɗa hannun Frodo, ɗaya daga cikin wasu gajerun mutane manoma da ake kira Hobit. Aka ɗora wa Frodo nauyin kai zoben dutsen wutar da aka ƙera shi domin a hallaka shi. Daga cikin masu raka shi akwai Gandalf, dattijo mai hikima, da kuma Aragorn, magajin gadon sarautar ƙasar Gondor, wanda yake yawo a daji ba tare da jama'a sun san ko shi wane ne ba. Ita kuwa Gondor ta shekara 969 ba sarki, wakilai ne suke riƙon ƙwarya, ɗa na gadon uba.

A wata lacca da ya gabatar a Jami'ar St Andrews ta Sikotland a 1939, Tolkien ya bayyana ra'ayinsa cewa duk mai ƙaga wata duniya dole ne ya sa mata dokokin da ba sa karo da juna, yadda hankalin mai karatu zai shiga ya zauna bai ga ɓaraka ba. Dabararsa game da tsirrai ta bi wannan ra'ayi. Mafi yawan abin da ke tsiro a duniyarsa sananne ne ga Bature: alkama, sha'ir, dankali, taba, tuffa. Ƙagaggun tsirrai 'yan kaɗan ne ya cusa a tsakaninsu, sanannun suka zame musu shaidu. Abin ya kai har wani masanin tsirrai, Walter Judd, tare da ɗansa Graham, suka wallafa littafi sukutum a kan tsirran wannan duniya a 2017.

3.0 Maganin Al'ajabi a Tsofaffin Labarai

Kafin mu dubi athelas, ya kamata mu san layin da ya fito daga ciki, domin ba Tolkien ne ya fara ƙaga tsiron magani ba. A hikayar Gilgamesh ta tsohuwar ƙasar Iraƙi, tauraron ya nutsa ƙarƙashin teku ya tsinko wani tsiro mai ƙaya wanda yake mayar da tsoho yaro, amma a kan hanyarsa ta komawa gida maciji ya sace shi. A waƙar Odyssey ta Girkawa, an ba tauraro wani tsiro mai suna moly, mai baƙar saiwa da farin fure, wanda ya kare shi daga sihirin matar da ta mayar da abokan tafiyarsa aladu. A adabinmu kuma, ko da yake ruwa ne ba tsiro ba, muna da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar ƙaga labarai ta 1933, inda tauraro ya shafe shekaru yana bin duniya domin ya samo ruwan da zai warkar da ɗan sarki.

Waɗannan magunguna sun yi tarayya a abubuwa biyu. Na farko, nisa da wuyar samu: suna ƙarƙashin teku, ko a hannun wanda ba ɗan Adam ba, ko a bangon duniya. Na biyu, ƙarfinsu a jikinsu yake kacokan. Duk wanda ya samu ya samu, ko maciji ne. Saboda haka aikinsu a cikin zubin labari shi ne su ja tauraro zuwa tafiya.

Tolkien ya juya duka biyun. Athelas yana nan a gefen hanya da bayan gari, ana taka shi ana wucewa. Ƙarfinsa kuwa yana hawa yana sauka gwargwadon hannun da ya riƙe shi. Abin da ya ɓace a nan shi ne sanin amfaninsa, shi kuwa tsiron bai je ko'ina ba.

4.0 Siffar Tsiron da Sunayensa

Abin da aka gaya mana game da siffarsa kaɗan ne. Dogayen ganyaye gare shi, kuma idan aka murtsuke su sukan ba da ƙamshi mai daɗi mai ratsa hanci. An ce mutanen tsibirin Númenor, kakannin sarakunan Gondor, su ne suka ƙetaro teku da shi, don haka ba ya fitowa sai jefi-jefi a wuraren da suka taɓa zama ko suka yada zango. Ke nan tsiron kansa alamar kufai ce, kamar yadda matafiyi a ƙasarmu idan ya ga kukoki sun yi cincirindo a daji yakan ce a nan an taɓa yin gari.

Yadda ake aiki da shi ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Ana murtsuke ganyen a jefa cikin tafasasshen ruwa, a wanke rauni da ruwan, majinyaci kuma ya shaƙi tururin. Surace ke nan da gashi.

Sunayensa uku ne, kuma a nan sana'ar mawallafi ta fito fili. Athelas da asëa aranion sun fito ne daga harsuna biyu da Tolkien ya ƙaga wa jinsin Elf, wasu halittu masu kama da mutane waɗanda tsufa ba ya kashe su. Waɗannan su ne sunayen malamai. Na uku, kingsfoil, shi ne na mutanen ƙauye, ma'anarsa ganyen sarki. Abin lura shi ne, sunan talakawa shi ne yake ɗauke da asirin a sarari, amma yawan faɗinsa ya sa ba mai jin abin da yake cewa. Mu ma muna da irin wannan. Mutum nawa ne suke cewa rai-ɗore, ko su kira sanya uwar magunguna, ba tare da sun tsaya sun tambayi abin da masu raɗa sunan suka gani ba?

5.0 Wurare Uku da Ganyen Ya Fito

5.1 A Tudun Weathertop

Fitowarsa ta farko ita ce bayan da shugaban Baƙaƙen Mahaya, watau fatalwowin da ke yi wa Sauron hidima, ya soki Frodo a kafaɗa da wuƙa mai sihiri. Aragorn ya shiga duhu ya gano tsiron ta hanyar ƙamshinsa, ya dawo ya dafa ya wanke raunin. Zafi ya ragu, hankalin sauran matafiya ya kwanta, amma hannun Frodo bai motsa ba. Aragorn da bakinsa ya faɗa cewa ƙarfin ganyen zai yi kaɗan a kan irin wannan rauni. Sai da Frodo ya kwana 17 da gutsuren wuƙar a jikinsa kafin Elrond, babban mai magani na jinsin Elf, ya ciro shi.

Marubuci mai gaggawa da nan zai nuna bajintar ƙagaggen tsironsa. Tolkien kuwa ya gabatar da shi da gazawa. Wannan gazawar ce ta sa mai karatu ya yarda da ganyen, domin ya ga yana da iyaka kamar kowane magani da ya sani.

5.2 Bayan Fitowa daga Moria

Karo na biyu ƙaramin al'amari ne. Bayan matafiyan sun kuɓuta daga kogunan Moria, Aragorn ya fito da ragowar ganyen da ya tsinka tun Weathertop, ya ce ya bushe, ƙarfinsa ya ragu, amma ya yi aiki da shi a kan rotsin da aka yi wa Sam, baran Frodo, da kuma ƙujewar haƙarƙarin Frodo. Amfanin wannan wuri a zubin labari biyu ne: ya tuna wa mai karatu da ganyen don kada ya manta, ya kuma ƙara masa wata doka ta zahiri, cewa ɗanye ya fi busasshe.

5.3 A Gidajen Jinya na Minas Tirith

Daga nan sai aka yi shiru da zancensa na ɗaruruwan shafuka, har zuwa juzu'i na uku. An gwabza babban yaƙi a ƙofar Minas Tirith, babban birnin Gondor, an ci nasara, amma mutane da yawa suna kwance da wata cuta da ake kira Baƙin Numfashi, wadda takan kama wanda ya kusanci Baƙaƙen Mahaya: jikinsa ya yi sanyi, ya nutse cikin mugun mafarki, ya mutu. Masu maganin birni sun rasa yadda za su yi. Daga cikin majinyatan akwai mutum uku: Faramir, ɗan wakilin da ke riƙon ƙasa, Éowyn, gimbiyar da ta kashe shugaban Mahayan, da Merry, Hobit ɗin da ya taimake ta.

Aragorn ya shigo, ya ɗora hannu a goshin Faramir yana ta kiran sunansa har fuskarsa ta yi fari don gajiya. Sai bayan wannan wahala ne wani yaro mai suna Bergil ya sheƙo da ganye shida a ƙunshe cikin ƙyalle, waɗanda aka tsinka aƙalla mako biyu da suka wuce. Aragorn ya ɗauki biyu, ya hura musu numfashinsa, ya murtsuke, ya jefa cikin ruwan zafi. Faramir ya buɗe ido ya kira shi sarki.

A nan akwai wata gwaninta ta salo da ta cancanci a tsaya a kanta. Ƙamshin ganyen bai zo iri ɗaya a ɗakunan uku ba. A wurin Faramir, mai begen tsohuwar ɗaukakar ƙasarsa, ya zo kamar tunawa da safiya mai raɓa a wata ƙasa da duhu bai taɓa ba. A wurin Éowyn, wadda zaman ƙunci a fada ya shaƙe ta, ya zo kamar sabuwar iska mai sanyi daga kan duwatsu. A wurin Merry, ɗan manoma, ya zo da ƙamshin lambu da furannin da ƙudan zuma ke bi. Watau ganyen yana mayar wa kowane majinyaci da abin da cuta ta raba shi da shi. Cutar ta yanke ƙauna ce, maganin kuwa tunatarwa ne.

Duk da haka iyakar tana nan. Aragorn ya ce zai iya tayar da jikin Éowyn, amma idan ta farka cikin baƙin cikinta mutuwa za ta yi, don haka ya bar wa ɗan'uwanta ya kira ta. Warkewarta ta sosai sai daga baya ta zo, ta hanyar zama da Faramir. Shi kuwa Frodo, raunin Weathertop bai taɓa barinsa ba. Yakan tashi masa idan ranar ta zagayo, har ya bar ƙasar.

6.0 Yadda Aka Rarraba Sani

Zuciyar wannan nazari ita ce tambayar: wa ya san athelas a Minas Tirith? Amsar ita ce mutane huɗu ne suka san shi, amma kowa da gutsurensa.

Ta farko ita ce Ioreth, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a hidimar Gidajen Jinya. Ita ce tana kuka a kan Faramir ta tuno wani zancen mutanen da, mai nuna cewa da warkarwa ake gane sarki na gaskiya. Wannan maganar ce ta sa Gandalf ya fita ya nemo Aragorn. Ioreth ta san tsiron da ido, ta san dajin da yake fitowa, amma ba ta san sunan malamai ba, kuma ta ɗauke shi ciyawar banza. Ba ta taɓa haɗa zancen da ta haddace da ganyen da take takawa ba.

Na biyu shi ne Ma'ajin Magunguna. Wannan ya san sunayen duka uku da harsunan da suka fito, har ya haddace wata tsohuwar waƙa da ta faɗi cutar da maganinta da hannun da zai ba da shi. Ya rera ta a gaban mai mutuwa, sa'an nan ya ce shirmen tsofaffin mata ne. A rumbunsa babu ganyen ko ɗaya. Sai da Gandalf ya daka masa tsawa ya je ya nemo wani dattijon da bai kai shi karatu ba amma ya fi shi hankali.

Na uku su ne waɗancan dattawan da ba a ambaci sunansu ba, masu jiƙa ganyen saboda ciwon kai. Ba su da waƙa, ba su da harsuna, amma su ne suka ajiye abin a gida. Na huɗu shi ne Aragorn, mai hannu da horo, wanda ya tashi a gidan Elrond. Shi ma da tsohuwa ba ta yi magana ba da yana can cikin tantinsa a bayan ganuwa, da yaro bai yi gudu ba da hannunsa wayam. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ya kamata mu da muke zaune a wannan zaure mu dubi Ma'ajin Magunguna da kyau, domin ɗan'uwanmu ne. Tolkien malamin kalmomi ne, kuma da ya zana mutumin da ya san sunan abu cikin harsuna uku amma bai yarda da abin da sunan yake faɗi ba, sana'arsa yake yi wa zambo. Tattara sunaye aiki ne mai daraja. Tun 1916 likita J. M. Dalziel ya buga jerin sunayen tsirrai na Hausa, kuma har gobe muna cin moriyarsa. Laifin Ma'aji shi ne ya tattara ya kuma raina. Tarihin kimiyya ya nuna mana kishiyarsa: masaniyar nan ta ƙasar Sin, Tu Youyou, ta koma ga wani littafin magani na ƙarni na 4, ta lura cewa an ce a jiƙa wani irin tazargade a matse ruwansa, ba a ce a dafa ba, sai ta gane cewa zafi ne yake lalata sinadarin. Daga nan aka samo maganin zazzaɓin cizon sauro da ya kai ta ga kyautar Nobel a 2015. Ta ɗauki tsohon zance da muhimmanci, sa'an nan ta gwada shi. Ma'aji bai yi ko ɗaya ba.

7.0 Ganye da Sarauta

Danganta sarki da warkarwa yana da tushe a tarihin ƙasar mawallafi. Sarakunan Ingila da na Faransa sun daɗe suna shafa masu wata cutar kumburin kaluluwar wuya, bisa imanin cewa hannun sarki yana warkar da ita. A Ingila ana danganta farkon al'adar ga Sarki Edward wanda ya rasu a 1066. Sarki Charles na II, bayan an mayar da shi gadon sarauta a 1660, ya shafa fiye da mutum 90,000. Sarauniya Anne ce ta ƙarshe da ta yi a can, kuma cikin yaran da ta shafa a 1712 har da Samuel Johnson, wanda daga baya ya tsara shahararren ƙamus na Ingilishi. Masanin tarihi Marc Bloch na Faransa ya yi littafi a kan al'adar a 1924.

Amma a dubi bambancin. Waɗancan sarakuna suna kan karaga ne ake jero musu marasa lafiya cikin buki, ana rataya musu tsabar zinariya, domin a ƙarfafa gadon mulki. Aragorn kuwa ya ƙi shiga birni a matsayin sarki, ya naɗe tutarsa, ya shiga da dare lulluɓe da alkyabba. Bayan ya tayar da manyan nan uku, talakawa suka taru suna roƙonsa, ya bi su yana aiki har dare ya raba, sa'an nan ya sulale ya koma tantinsa. Yana da wasu hujjojin gado, kamar takobin kakansa da aka sake ƙerawa, amma hujjar da mutanen gari suka gani da idonsu har suka yi ta yaɗawa ita ce ta ɗakin majinyaci. Mawallafi yana da itatuwan alfarma a duniyarsa, irin su Farin Itace na fadar Gondor. Da ya tashi tabbatar da sarki ga talakawa, sai ya zaɓi ciyawar da tsohuwa ta ce ba ta dace da lambun sarki ba.

8.0 Inda Ma'aunin Ya Karkace

Yabon gwani ya zama dole, amma akwai wurare uku da nake ganin aikin ya yi rauni.

Na farko, siffar tsiron ta yi ƙaranci. Ba a gaya mana furensa ba, ko irinsa, ko lokacin fitowarsa. Duk mai sayar da magani a kasuwa zai tambayi saiwarsa da tsayinsa. Ana iya kare mawallafi da cewa da hanci yake so mu san ganyen, ba da ido ba, amma idan aka gwada da yadda ya siffanta itatuwan alfarma dalla-dalla, za a ga cewa shi ma ya ɗan yi wa ciyawar kallon da Ioreth ta yi mata.

Na biyu, matsayin Ioreth. Ko da yake Gandalf ya yaba mata, an zana ta ne a matsayin mai surutu abar dariya, wadda hikima ta bi ta bakinta ba da saninta ba. Wanda ya san aikin ungozoma ya san cewa irin waɗannan mata sun fahimci abin da suke yi. Littafin ya karɓi adabin baka ya rage wa mai ɗauke da shi daraja.

Na uku shi ne mafi nauyi. Idan cikakken ƙarfin ganyen ba ya fitowa sai a hannun mai jinin sarauta, to me talaka zai yi cikin shekara 969 da babu sarki? Ganye ɗaya ne, a hannun dattijo maganin ciwon kai, a hannun magaji mai ƙwato rai daga bakin mutuwa. Ana iya cewa horo ne ya bambanta su, amma littafin ya fi karkata ga asali, domin Aragorn da kansa ya danganta fifikon Elrond da kasancewarsa babba a zuriyarsu. Wannan ra'ayi ne da mai karatu yake da damar ƙi. Abin da ya rage masa kaifi kawai shi ne cewa gadon ya zo da bashi: wanda aka ce ɗan sarki ne sai ya kwana a tsaye a kan marasa lafiya kafin a yarda.

Duk da wannan rauni, ana gane ƙarfin ginin idan aka dubi abin da ya faru da aka rushe shi. A fim ɗin The Hobbit kashi na biyu na 2013, an shigo da athelas, alhali babu shi a littafin 1937 da aka ɗauko fim ɗin daga ciki, aka ba wata tauraruwa da masu fim suka ƙaga ta warkar da wanda aka harba da kibiya mai dafi nan take, haske na tashi daga jikinta. Babu rabon sani, babu nauyin sarauta, babu tabon da ya rage. Ganyen ya koma kayan magori.

9.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun ga cewa athelas ya bambanta da magungunan al'ajabi na tsofaffin labarai ta wajen kusancinsa da kuma iyakar ƙarfinsa. Mun bi shi wurare uku, mun ga yadda aka fara da gazawarsa, aka yi ajiyarsa, aka fito da shi a daidai inda jigon sarauta yake bukatar hujja. Mun kuma ga cewa saninsa a warwatse yake tsakanin tsohuwa da malami da dattijon gida da magaji, har sai da bukata ta haɗa su a ɗaki guda.

Ga marubucinmu mai sha'awar ƙaga duniya, darasin a fili yake. Kafin ya tambayi abin da tsironsa zai iya, ya fara tambayar abin da ba zai iya ba, da wanda ya kawo shi, da sunan da malami yake kiransa, da wanda 'yar ƙauye take kiransa. Ga mu manazarta kuma, tambayar da littafin ya bar mana ita ce: daga cikin karin magana da waƙoƙin da muke cika kundaye da su, nawa ne muka taɓa ɗauka cewa wataƙila abin da suke faɗi gaskiya ne, har muka tashi muka gwada? Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an sami wanda ya ajiye ta, da wanda ya tuna inda take, da wanda ya yarda ya buɗe tulun.